Shekara tara ina tuƙi a gida, a Ingila na koma ɗan koyo

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin domin waɗanda data ba ta ba su damar sauraro ba.

Yau maganar mota za mu yi. Saƙonni sun yi yawa daga matasanmu da suka samu aiki a waje, musamman ma'aikatan jinya da masu aikin kula da tsofaffi a Ingila, kuma tambayar kusan ɗaya ce: na iya mota tun a gida, me kuma ya rage in koya? To, bari in fara da abin da ya faru da ni, sannan mu shiga bayani.

Na koyi mota a wata tsohuwar Golf ta yayana, kuma na yi shekara tara ina tuƙi kafin in bar gida. Hanyar Kaduna zuwa Kano ban san iyakar bin da na yi mata ba, da rana da dare. Da na zo Ingila, aikin da na samu na zagaya gidajen tsofaffi ne, gida shida ko bakwai a rana, wasu ma a ƙauye, dole sai da mota. Na sayi wata 'yar ƙarama ta hannu. Makon farko na yi tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai a ka, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Mako na biyar, wata asuba bayan na kwana a aiki, na tsaya gidan mai, na sha mai, na fito titi. Babu mota ko ɗaya a gabana. Ina tafe ina tunanin gado, sai na hango fitilar wata bas tana nufo ni, a hannuna. Har na fara jin haushin direban. Sai da ya kifta min fitila sau biyu na gane ashe ni ne na hau hannunsa. Na koma hagu, na samu wuri na tsaya, wallahi ƙafata rawa take yi a kan birki.

Abin da nake so ku riƙe a shirin nan shi ne wannan: ranar farko ba ita ce mai haɗari ba. Ranar da ka saki jiki ita ce. Kuma gwanin direba ya fi ɗan koyo shiga wannan tarko, domin ɗan koyo da tunani yake tuƙi, shi kuwa gwani hannunsa da idonsa ne ke yi masa tuƙi ba tare da sun tambaye shi ba. Hausawa suka ce sabo turken wawa. Shekara tara jikina yana koyon cewa hannun dama ne hannuna, mako biyar ba za su goge wannan ba. Muddin akwai motoci a titi, kana bin bayansu, ba ka da matsala. Da zarar titi ya zama wayam, ga gajiya, sai jiki ya koma abin da ya sani.

Kada wani ya ɗauka wannan matsalar 'yan Afirka ce. A watan Agustan 2019, kusa da sansanin sojan sama na Croughton a yankin Northamptonshire, wata Ba'amurkiya da ba ta daɗe da zuwa ƙasar ba ta fito daga sansanin ta hau hannun dama kamar yadda ta saba a ƙasarsu, ta yi karo da wani matashi mai shekara 19 a kan babur, Harry Dunn, ya rasu. Maganar ta zama rikici tsakanin gwamnatocin ƙasashen biyu na tsawon shekaru. Asalin abin kuwa daƙiƙoƙi kaɗan ne na sabo.

Wani abin da da yawanmu ba mu sani ba, mu ma a da hannun hagu muke bi. Turawan Ingila ne suka bar mana shi, sai ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta koma hannun dama, domin ta yi daidai da maƙwabtanta irin su Nijar da Kamaru da Benin da Chadi. Ghana ta biyo baya a 1974. Ke nan kakanninmu da suka yi direbanci sun taɓa yin wannan juyi a cikin ƙasarsu. Kuma ba Ingila kaɗai ba ce: wanda zai tafi Kenya, Uganda, Tanzaniya, Afirka ta Kudu, Indiya, Pakistan, Malesiya, Japan, Ostareliya ko tsibirin Saifurus, duk hannun hagu zai tarar. Mai zuwa Saudiyya, Dubai, Masar, Jamus, Amurka ko Kanada hannunsa bai canza ba, amma sauran abubuwan da zan lissafa za su shafe shi.

To mu shiga cikin motar kanta. Sitiyari yana dama. Za ka yi kwanaki kana buɗe ƙofar fasinja kana neman sitiyari, wannan kam abin dariya ne kawai. Bel za ka jawo shi daga kafaɗar dama. Madubin tsakiya yanzu yana sama ta hagunka, sau da yawa za ka ɗaga ido ta dama ka ga babu komai sai ƙarfen ƙofa. Giya tana hannun hagu, amma tsarinta bai juya ba, giya ɗaya tana inda ka san ta, sama ta hagu. Abin da ya canza shi ne yanzu turawa kake yi nesa da jikinka maimakon ka jawo. Shi ya sa sabon zuwa yakan saka uku yana zaton ɗaya ce, mota ta mutu masa a tsakiyar mahaɗa. Ƙafafu kuwa alhamdu lillahi ba su canza ba: kuloci a hagu, birki a tsakiya, totur a dama. Sandar sigina a yawancin motocin Turai tana hagu kamar yadda muka saba, amma a motocin da aka shigo da su kai tsaye daga Japan tana dama. In ka ga kana son ba da sigina waifa ta tashi, to ka san inda aka dosa.

Babbar matsalar ita ce faɗin mota. A gida jikinka yana gefen hagu na motar, ragowar motar tana damanka. Ido ya saba ajiye jikinka a wani wuri a kan titi. Yanzu ka koma dama, in ka ajiye jikinka a wurin da ka saba, motar gaba ɗaya ta tafi bakin titi. Shi ya sa tayar hagu da madubin hagu su ne suka fi shan wahala a watan farko, ni kaina na kankare wili sau biyu. Ga ƙa'ida ɗaya da ta taimake ni, kuma tana aiki a kowace ƙasa muddin motar ta ƙasar ce: a titi mai zuwa da dawowa, direba shi ne ke kusa da layin tsakiya, fasinja shi ne ke kusa da bakin titi. In ka waiga ka ga bakin titi yana dab da ƙofarka, to tsaya, ka hau hannun da ba naka ba.

Sannan motocin nan da yawa suna da abubuwan da ba mu saba da su ba. Wata ba ta da hambirki na ja, ɗan maɓalli ne. Wata in ka tsaya a danja sai injin ya mutu da kansa, ka taka kuloci ya tashi, ba lalacewa ta yi ba, tattalin mai take yi. Wata in ka kusa fita daga layi ba sigina sai ka ji sitiyari yana ja da kai. Ribas ma kowace da nata salon, wata sai ka ɗaga wani zobe a ƙasan kan giyar, wata sai ka danna giyar ƙasa. Shawarata, kafin ka motsa motar da ba ka sani ba, ko ta haya ce ko ta wurin aiki, ba ta minti goma a tsaye. Nemo fitila, waifa, abin goge hazon gilashi, fitilar haɗari, ribas, da wurin buɗe tankin mai. Kada ka bari sai ruwa ya sauko kana kan babbar hanya sannan ka fara lalube.

Tunda na ambaci mai, a nan babu mai zuba maka, da kanka za ka zuba. Galibi kan famfo kore fetur ne, baƙi kuma dizal, wanda muke ce wa gas. Ƙananan motoci masu shan dizal suna da yawa a nan, ba kamar gida ba da muka san shi da manyan motoci da janareta. Duba murfin tankin kafin ka zuba. In kuwa tsautsayi ya sa ka zuba fetur a motar dizal, kada ka tayar da ita, ko makulli kada ka murɗa, kira masu janyewa su zuƙe shi. Tayar da ita shi ke mayar da ƙaramar asara babba.

Yanzu mu fito titi. A mahaɗa, a gida hagu muke fara dubawa domin daga nan motar da ta fi kusa take zuwa. A nan dama za ka fara dubawa. Har a ƙafa ma haka ne, shi ya sa a Landan za ka ga an rubuta a ƙasa a wuraren tsallakawa cewa a duba dama. Kwanar hagu ita ce gajeriya, kwanar dama ita ce wadda za ka ratsa gaban motoci masu zuwa, kuma a ƙarshenta ne mutum ya fi faɗawa hannun da ba nasa ba. Shataletale ana zagaya shi ta hagu, yadda hannun agogo ke tafiya, kuma wanda ke zuwa daga damanka shi ke da hanya. Akwai wasu ƙanana da fenti ne kawai aka zana a ƙasa, su ma dokarsu ɗaya da manya. Tun kafin ka isa ake so ka zaɓi layinka, ba a tsakiya ba. A babbar hanya layin hagu shi ne na tafiya, na dama na wuce mota ne, in ka wuce ka dawo.

Sai gudu. Allunan nan da mil suke, ba kilomita ba. Mil 30 kusan kilomita 48 ne, shi ne na cikin gari. Mil 60, wato kusan kilomita 96, na titin bayan gari mai zuwa da dawowa. Mil 70, kusan kilomita 112, na manyan hanyoyi. Unguwanni da yawa an mayar da su mil 20, a yankin Wales ma tun Satumban 2023 mil 20 ne ƙa'idar yawancin titunan cikin gari. Farin allo mai zagaye da baƙin layi a karkace ba yana nufin ka taka yadda kake so ba, yana nufin iyakar gudu ta ƙasa ce ke aiki. Kuma don an ce 60 a wani siririn titin ƙauye mai kwana-kwana, ba dole ne ka kai 60 ba.

Akwai kuma yaren titi, wanda ya sha bamban da namu. A gida in mutum ya kifta maka fitila, ma'anarsa ga ni nan tafe, kauce. A nan yawancin direbobi in sun kifta maka, cewa suke wuce, na ba ka hanya, duk da littafin dokokin hanyarsu, Highway Code, bai amince da fitila a matsayin ba da hanya ba. Ka ga in ka kifta da nufin gida, wani zai shigo gabanka yana maka godiya. Hon ma haka. Mu gaisuwa ce da sanarwa, a nan kusan zagi ne, kuma doka ta hana danna shi a cikin gari daga 11:30 na dare zuwa 7:00 na safe sai in akwai haɗari. Mai tafiya a ƙasa kuwa sarki ne. In ya sa ƙafa a kan zanen tsallakawa dole ka tsaya. Tun gyaran da aka yi wa dokokin a Janairun 2022, ko a kwana za ka shiga, in mutum yana jiran tsallakawa ana so ka ba shi hanya, mai keke kuma ka bar masa aƙalla mita ɗaya da rabi in za ka wuce shi.

Lokacin sanyi wani karatu ne daban. A watan Disamba ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara. Da safe za ka tarar gilashi ya daskare. Kada ka zuba masa ruwan zafi, yana iya tsagewa, akwai abin kankarewa da na fesawa masu araha. Kuma kada ka buɗe 'yar taga daidai ido ka kama hanya, laifi ne. A jiƙaƙƙen titi nisan da mota ke ci kafin ta tsaya yana ninkawa biyu, a kan ƙanƙara yana iya ninkawa har goma. Wata ƙanƙarar ma ba a ganinta, titi ne za ka gani baƙi kamar ya jiƙe. Mu da muka taso da harmatan da ƙura, babu abin da ya shirya mu wa wannan.

To yanzu ga inda mutanenmu suka fi faɗawa, wato takardu. Lasisin Najeriya yana ba ka damar tuƙa ƙaramar mota na wata 12 daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar. Wata 12 kawai. Lasisin ƙasa da ƙasa ba ya ƙara maka ko kwana ɗaya, zuwa gida hutu ka dawo ma ba ya sabunta lissafin. Akwai ƙasashen da ake musanya lasisinsu kai tsaye, a Afirka akwai Afirka ta Kudu da Zimbabwe, amma Najeriya da Ghana da Nijar ba sa ciki. Dole ka nemi lasisin koyo daga hukumar DVLA, ka ci jarrabawa biyu.

Ta farko a kwamfuta ake yi: tambaya 50, sai ka ci 43, sannan bidiyo 14 na hango haɗari, inda ake neman maki 44 cikin 75. Lokacin da na yi fam 23 ce. Ta biyu ita ce ta titi, kusan minti 40 tare da mai jarrabawa, fam 62 a ranakun aiki. Ana yafe ƙananan kurakurai har 15, amma babba guda ɗaya ya kayar da kai. Waɗanda ke ci a faɗin ƙasar kusan rabi ne. Ba a yarda ka zauna jarrabawar ba sai ka yi kwana 185 a ƙasar, ga layin jiran ta titi yana ɗaukar watanni a garuruwa da yawa. Lissafa da kanka ka ga abin da ya rage cikin wata 12. Wanda ya bari sai wata na goma, ya makara. Kuma ku lura, in da mota otomatik ka ci, otomatik kaɗai lasisinka ya halatta maka.

In wata 12 suka cika ba ka ci ba, ka koma cikakken ɗan koyo: jan harafin L gaba da baya, kuma ba ka tuƙi sai da wani a gefenka wanda ya kai shekara 21 kuma ya yi shekara uku da lasisi. Ga mai aikin zagaya gidaje, wannan yana nufin aikin ya tsaya. Na san waɗanda suka ci gaba da tuƙi a haka suna cewa ai ba wanda zai sani. Kyamarorin 'yan sanda suna karanta lambar mota, kuma ranar da aka yi ko ƙaramin karo, kamfanin inshora zai fara da tambayar lasisi.

Inshora a nan ba motar kaɗai take bi ba, tana bin sunan direba. Al'adarmu ta ba ni makullinka in je in dawo ba ta aiki, sai in sunanka yana cikin takardar ko kana da taka da ta ba ka dama. Tuƙi ba inshora tarar fam 300 ce da maki 6 a lasisi, kuma ana iya kwashe motar nan take. In kana zirga-zirga tsakanin gidajen waɗanda kake kula da su, sai ka gaya wa kamfanin cewa da motar kake aiki, inshorar zuwa aiki da dawowa kaɗai ba ta wadatar ba. Ku yi hattara da masu tallar inshora mai arha a WhatsApp da Instagram, da yawa takardar bogi suke sayarwa, kuma sababbin zuwa suke farauta. Riƙe waya kana tuƙi fam 200 ce da maki 6, ko da a danja kake tsaye. Wuce ƙa'idar gudu mafi ƙaranci fam 100 da maki 3. Ga wanda bai cika shekara biyu da cin jarrabawa ba, maki 6 sun isa a soke lasisin, ya koma farko. Motar da ta wuce shekara uku kuma dole a kai ta gwajin lafiya na MOT duk shekara. Mafi yawan tarar nan ba wanda zai tare ka, balle ka ce yallaɓai a yi haƙuri. Wasiƙa ce za ta same ka a gida da hoton motarka. Kuma fom ɗin sabunta biza yana tambaya a kan laifukan tuƙi, ka ga abin ya wuce maganar kuɗi.

Me na yi bayan waccan asubar? Na nemi malamin tuƙi. Da na faɗa wa wani abokina, dariya ya yi, ya ce kai da ke kai mu Kano cikin dare? Na ce ni ɗin fa. A darasin farko malamin ya ce hannuna a mota ba shi da matsala, amma a irin tuƙina ba zan ci jarrabawa ba: ba na duba madubi kafin sigina, ina sakin mota a furi in na tunkari danja, ina matse na gabana, ba na waiga kafaɗa kafin in tashi daga fakin. Duk abubuwan da a gida ba wanda ya taɓa ce min kuskure ne. Na ji zafin maganar, amma gaskiya ya faɗa. Na faɗi a karon farko saboda wani shataletale, na ci a na biyu, saura mako uku wata 12 ɗina su cika.

Na kuma manna 'yar takarda a jikin sitiyari na rubuta HAGU da manyan baƙaƙe. Duk lokacin da zan fito daga gidan mai, ko wurin fakin, ko titi mai hannu ɗaya, sai na furta a fili: hagu, duba dama. In na kwana a aiki na ji ido yana lumshewa, ina kwanciya a mota minti ashirin kafin in tashi. Sannu ba ta hana zuwa.

'Yan'uwana mata da ke aikin jinya, na san da yawanku ba ku taɓa tuƙi a gida ba, kuna jin tsoron farawa a nan. Ku kwantar da hankalinku, ku ba ku da tsohon sabon da za ku yi kokawa da shi, daga farko za ku koyi daidai. Mu da muka zo da taƙamar mun iya, mu ne abin ji.

Wanda ke shirin tahowa, ya tabbata lasisinsa na gida na gaskiya ne kuma bai kusa ƙarewa ba, ya fara karanta dokokin hanyarsu tun yanzu, suna nan kyauta a shafin gwamnatinsu na intanet. Wanda ya riga ya iso, ya duba ranar da ya shigo, ya ƙirga wata 12, ya rubuta ranar a inda zai riƙa ganinta kullum. In kana da ɗan'uwa ko ƙawa da ke kan hanyar tafiya, tura masa wannan shiri. Waɗanda ke Saudiyya, Malesiya, Kanada da sauran wurare, ku faɗa mana yadda abin yake a wurinku, za mu karanta a shiri na gaba.

Allah Ya tsare mu a kan hanya, Ya mayar da kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, ku huta lafiya.